Yadda Ake Tsayawa Takarar Shugaban Ƙasa a Najeriya

Sharuɗɗan da tsarin mulkin 1999 ya gindaya wa mai neman shugabancin Najeriya huɗu ne kacal, suna nan a sashe na 131, kuma miliyoyin mutane sun cika su. Shi ya sa a zaɓen 2019 aka ga 'yan takara 73 a takardar ƙuri'a ɗaya. A 2023 sun ragu zuwa 18, amma huɗu ne kawai suka haura ƙuri'a miliyan guda. Tazarar da ke tsakanin wanda sunansa ya fito a takarda da wanda ake lissafi da shi ita ce abin da za a bi daki-daki a nan.

Yawancin lissafin kwanaki da na kuɗi da za ka gani a ƙasa na Dokar Zaɓe ta 2022 ne, wadda aka yi zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023 da ita. Majalisar Tarayya takan taɓa wannan doka gabanin manyan zaɓuka, saboda haka dokar da ke aiki a shekarar da za ka fito, da jadawalin da hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta fitar na wannan shekarar, su za ka riƙe.

Abubuwan da za ka tanada tun kafin ka furta wa kowa

Na farko takardun doka: tsarin mulki da duk gyare-gyarensa, Dokar Zaɓe, kundin jam'iyyarka da ƙa'idojinta na fid da gwani. Ka karanta su da kanka, ko da kana da lauyoyi goma.

Na biyu fayil ɗinka: takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar makarantun da ka yi, takardar zama ɗan ƙaramar hukuma, katin zaɓe, katin jam'iyya, shaidar biyan haraji, da takardar ajiye aiki idan ka taɓa riƙe muƙami. Na asali da kwafi.

Na uku mutum biyu da ba a tafiya sai da su: lauyan da ya ƙware a shari'ar zaɓe, da akanta. Lauyan da ke yi maka takardun fili ba zai iya wannan ba, domin shari'ar zaɓe tana da kwanakinta da ba a ƙara wa ko awa ɗaya.

Sai suna a idon jama'a, da kuɗi, da lafiyar da za ta ɗauki jihohi 36 da Abuja cikin wata biyar.

1. Auna kanka da doka

Sashe na 131 ya ce ka zama ɗan Najeriya ta hanyar haihuwa, ka kai shekara 35, ka zama ɗan wata jam'iyya wadda ita ce za ta tsayar da kai, kuma ka yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Da shekara 40 ne, gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2018 ya sauko da shi. Namiji da mace duk ɗaya ne a gaban wannan sashe.

Wanda bai da takardar sakandare kada ya yanke ƙauna kafin ya duba sashe na 318. A can an faɗaɗa ma'anar "makamancinsa": takardar malanta ta Gired Tu ta shiga, haka ma takardar gama firamare idan ta haɗu da aikin shekara goma, da kwasa-kwasan da jimillarsu ta kai shekara guda, da iya karatu da rubutu da Turanci yadda INEC za ta gamsu. Gara ka miƙa ƙaramar takarda mai tsabta da ka miƙa babbar da ake tababa a kanta.

Maganar haihuwa ma kada a ɗauke ta da sauƙi. A shari'ar zaɓen 2019 an yi wa Atiku Abubakar jayayya cewa lokacin da aka haife shi a Jada, a 1946, yankin yana cikin Kamaru ta Turawan Ingila. Kotu ba ta karɓi wannan ba, amma darasin ya fito: duk wanda asalinsa ke kan iyaka, ya tanadi hujjar iyaye da kakanni tun da wuri.

Sashe na 137 kuma ya jero masu haramcin tsayawa. Akwai wanda aka riga aka zaɓa sau biyu, da wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, da wanda aka yanke wa hukunci kan rashin gaskiya ko aka samu da karya dokar ɗa'ar ma'aikata cikin shekara goma kafin zaɓen, da wanda kotu ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda ya ba INEC takardar jabu. Ma'aikacin gwamnati dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.

2. Tsaftace fayil ɗinka

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan aiki na shekara biyu ne kafin zaɓe. Ka shimfiɗa takardunka a kan tebur, ka bi sunanka harafi-harafi. A ƙasar Hausa matsalar ta fi yawa: firamare an rubuta Muhammadu da sunan gari, sakandare an rubuta Mohammed da sunan uba, jami'a an ƙara sunan kaka. Ranar haihuwa ma takan bambanta daga takarda zuwa takarda. Duk inda aka samu saɓani, lauya ya gyara shi ta hanyar da doka ta sani, kuma inda zai yiwu a koma wa makarantar ko hukumar jarrabawar da ta ba da takardar ta tabbatar a rubuce. Rantsuwar kotu ita kaɗai ba kullum take isa ba.

Kada ka tsaya kan naka. Ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Tikiti ɗaya ne, in ɗaya ya faɗi ya ja ɗan'uwansa. Abin da ya faru da gwamna zai iya faruwa da shugaban ƙasa.

Duk abin da ka rubuta a fom EC9, wato fom ɗin bayanan ɗan takara, rantsuwa ce, kuma INEC tana liƙa shi kowa ya gani. Abin da doka ba ta tambaye ka ba, ba dole ka ƙara ba. Abin da ta tambaya kuwa, kamar ko kana da takardar zama ɗan wata ƙasa, ka amsa shi yadda yake.

3. Tara gogewa da jama'a

Doka ba ta ce sai ka taɓa riƙe wani muƙami ba. Amma dubi waɗanda suka hau tun 1999. Obasanjo da Buhari sun taɓa shugabantar ƙasar a mulkin soja. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi shekara takwas yana gwamnan Katsina. Jonathan ya bi matakala daga mataimakin gwamna zuwa gwamnan Bayelsa zuwa mataimakin shugaban ƙasa. Tinubu ya yi sanata, ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007, sannan ya shafe shekara goma sha shida yana gina mutane ba ya riƙe da kujera. In aka koma Jamhuriya ta Biyu, Shehu Shagari ya riƙe ma'aikatu da dama kafin 1979.

Abubuwa uku kujerar gwamna ke ba mutum: aikin da zai nuna da yatsa, yaran da ya ɗaga suka zama wani abu, da zama a teburi ɗaya da sauran gwamnoni. Na biyun ya fi sauran nauyi. Kwamishinan da ka naɗa, ɗan majalisar da ka tsaya wa, ɗalibin da ka tura karatu, su ne za su kwana a rumfar zaɓe dominka bayan shekara goma.

Wanda bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba yana da hanya, amma mai tsawo ce. Ya fara da kujerar da zai iya ci: majalisar jiha, ta wakilai, sanata. Ko ya yi wa wani ɗan takarar shugaban ƙasa aiki daga farko har ƙarshe, ya ga yadda ake kwana a hanya da yadda ake sasanta ɓangarori biyu masu gaba a jiha ɗaya. Ɗan kasuwa ko ƙwararren ma'aikaci da ya faɗo kai tsaye yakan gamu da masu tarbarsa da kiɗa a filin jirgi, su karɓi abin da za su karɓa, ranar ƙuri'a a nemi ko ɗaya a rasa.

Faɗuwa ma tana cikin gogewar. Buhari ya tsaya a 2003 da 2007 da 2011 kafin ya ci a 2015. Kowane zagaye yana bar wa mutum sunayen waɗanda suka tsaya da shi da waɗanda suka yi masa anti-fati, kuma wannan jerin ba a saye shi da kuɗi.

4. Zaɓi jam'iyya

Babu takarar indifenda a Najeriya, sai da jam'iyya. Hanyoyin uku ne.

Babbar jam'iyya tana da ofis da shugabanni a gundumomi 8,809 da ƙananan hukumomi 774, tana da gwamnoni da 'yan majalisa da za su yi yaƙin kansu su haɗa da naka. Wahalarta samun tikiti. Ƙaramar jam'iyya tikitinta da sauƙi, amma kai za ka gina ta, kuma galibi za ka tarar da rikicin shugabanci a kotu. Kafin ka shiga, ka tabbatar wane ɓangare INEC ta sani, domin shugaban jam'iyya na ƙasa da sakatarensa ne ke miƙa sunanka. Peter Obi ya bar PDP a ƙarshen watan Mayun 2022, ya karɓi tikitin jam'iyyar Leba cikin 'yan kwanaki, ya samu ƙuri'a 6,101,533. Rabi'u Musa Kwankwaso ya ɗauki NNPP ya samu 1,496,687, kusan miliyan ɗaya daga ciki a Kano. Duka biyun tsofaffin gwamnoni ne da suka shigo da jama'arsu, ba jam'iyyar ce ta ba su ba.

Hanya ta uku haɗaka. A 2011 Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 a CPC, kusan duka daga Arewa, bai kai ba. A 2013 CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, a 2015 ya samu sama da miliyan 15 ya ci. Ƙarin miliyan ukun da shigarsa Kudu maso Yamma su suka sauya labarin.

Kafa sabuwar jam'iyya ma yana yiwuwa, sai dai dokar 2022 ta ce a miƙa buƙatar rajista aƙalla wata 12 kafin babban zaɓe, kuma wadda ba ta ci komai ba ana iya soke ta, kamar yadda INEC ta soke 74 a watan Fabrairun 2020.

Ka kuma karanta iskar karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu. Ba ta cikin tsarin mulkin ƙasa, amma tana iya rufe maka ƙofa tun kafin ka sayi fom. Kuma ka tabbatar sunanka yana cikin rajistar jam'iyya ta gundumarka, saboda dokar 2022 ta ce a miƙa wa INEC rajistar kwana 30 kafin fid da gwani.

5. Lissafin kuɗi

Fom shi ne kuɗin da kowa ke gani. A 2022 APC ta sayar da nata naira miliyan 100, talatin na nuna sha'awa, saba'in na takara. PDP ta sayar miliyan 40. Jam'iyyun biyu sun yi wa mata da matasa rangwame. Wannan kuɗin ba ya dawowa, ko an tantance ka ko ba a tantance ka ba.

Dokar 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe a naira biliyan 5, kuma mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ba zai ba shi fiye da miliyan 50 ba. Jam'iyya ba ta da izinin riƙe kuɗin da aka aiko mata daga ƙasar waje. Yanzu ɗauki alƙalami. Rumfunan zaɓe 176,846 ne. A ce ka ba wakili ɗaya a kowace rumfa naira dubu goma na abinci da mota da katin waya, ka kashe sama da biliyan ɗaya da miliyan ɗari bakwai a yini ɗaya, ba a zo kan wakilan gunduma da na ƙaramar hukuma ba, ba a zo kan horar da su ba. Sai gangami a jihohi, hayar jirgi, motoci da mai, fastoci, lokacin rediyo da talabijin, hayar ofisoshi, da lauyoyi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙarar da kuɗi a farko. Ɗan takara ya zuba duk abin da yake da shi a fid da gwani da manyan taruka, makon zaɓe ya zo babu abin sallamar wakilai. Ka ware kuɗin ranar zaɓe da na kotu tun farko, a asusu daban, kada wanda ya taɓa. Ka kuma tsara yadda kuɗin zai isa hannun wakili kai tsaye. In ya bi ta hannu biyar, abin da zai isa rumfa ba zai sayi ruwan leda ba. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya ana dab da zaɓe, waɗanda ba su tattara lambobin asusun wakilansu ba suka sha wahala.

Wanda ba shi da attajirai a bayansa ya buɗe asusun gudummawa na jama'a, ya riƙa bayyana abin da ya shigo. Dubu ɗaya daga mutum dubu ɗari ta fi miliyan ɗari daga mutum ɗaya, domin wanda ya ba da dubu ɗaya zai fito ranar zaɓe ya tsare abin da ya zuba, shi kuwa mai miliyan ɗari zai zo da takardar buƙatunsa. Akanta ya rubuta komai, saboda jam'iyya za ta miƙa wa INEC lissafin da aka bincika cikin wata shida bayan zaɓe. Sayen ƙuri'a kuwa laifi ne a doka, ga mai bayarwa da mai karɓa.

6. Fid da gwani

A nan akasarin masu buri ke tsayawa. Idan kai minista ne ko mai ba da shawara, wato naɗaɗɗe, sashe na 84(12) na dokar 2022 ya hana ka zaɓa ko a zaɓe ka a taron jam'iyya sai ka sauka. Shi ya sa Rotimi Amaechi da wasu ministoci suka ajiye aiki a watan Mayun 2022. Kada ka haɗa wannan da kwana 30 na ma'aikacin gwamnati, lissafi biyu ne daban.

Dokar 2022 ta ba da hanyoyin fid da gwani uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke zaɓa, zaɓen daliget, da maslaha. Maslaha ba ta inganta sai duk wanda aka tantance ya sa hannu a rubuce cewa ya janye da son ransa. Mutum ɗaya ya ƙi, dole a koma ƙuri'a.

A 2022 manyan jam'iyyun biyu daliget suka yi amfani da su, APC uku daga kowace ƙaramar hukuma, PDP ɗaya. Ma'anar wannan ita ce tikitin ƙasa mai masu rajista sama da miliyan 93 yana hannun mutanen da ba su cika dubu ɗaya ba a PDP, dubu biyu da 'yan kai a APC. Kuma waɗannan daliget ba daga sama suka faɗo ba, a tarukan gunduma da na ƙaramar hukuma aka fitar da su, inda gwamna ko jagoran jiha ke da ta cewa. Wanda ya jira sai an hallara a Abuja sannan ya fara bin ɗakunan otal ya makara da wata shida. Aikin shi ne ka zaga jiha-jiha, ka fara da gaisuwar gwamna ko jagora, ka zauna da shugabannin jam'iyya, ka san wa ke riƙe da wa.

Ka lura da daren taron, domin a nan ake janyewa. Ranar 28 ga Mayu, 2022, Aminu Waziri Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku, aka tashi Atiku na da 371, Nyesom Wike na da 237. A taron APC na watan Yuni 'yan takara da dama sun janye wa Tinubu, ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235. Irin wannan janyewa an daɗe ana dafa ta kafin a kawo ta fili. Ka san tun da wuri wa zai iya janye maka, da kuma wanda kai za ka iya janye wa idan lissafi ya ƙi.

Sannan ka sa ido a kan jam'iyyarka kanta. Dole ta ba INEC sanarwar kwana 21, INEC ta halarta, a bi ƙa'ida. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin fid da gwani a Zamfara ba, duk ƙuri'un da ta samu suka tashi a banza, daga na gwamna har na 'yan majalisa. Idan kai aka zalunta, kwana 14 kake da su ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Kwana na 15 ko gaskiyarka ta kai hasken rana ba za a saurare ka ba.

7. Mataimaki da miƙa suna

Takararka ba ta cika sai ka ɗauki mataimaki daga jam'iyyarka. Ana duba shiyya, addini, da yawan ƙuri'ar da zai kawo, kuma kowane zaɓi yana da farashinsa. Ka binciki fayil ɗinsa kamar yadda ka binciki naka. Idan ya riga ya karɓi tikitin wata kujera, ya janye a rubuce kafin a miƙa sunansa, saboda tsayawa a wuri biyu da sani yana ɓata takara. An kai Kashim Shettima har Kotun Ƙoli a kan wannan zargi kafin a kori ƙarar.

Dokar 2022 ta ce jam'iyya ta miƙa sunaye aƙalla kwana 180 kafin zaɓe. Idan lokaci ya ƙure ba a daidaita kan mataimaki ba, akan sa na riƙon ƙwarya ya janye daga baya, kamar yadda APC da Leba suka yi a 2022. Wanda za a sa ya zama amintacce na gaske, domin sai da sa hannunsa ake cire shi.

8. Kamfe da lissafin jihohi

Ana buɗe kamfe kwana 150 kafin zaɓe, a rufe awa 24 kafin ranar. Kafin ka hau mota, zauna da taswira. Sashe na 134 ya ce sai ka fi kowa ƙuri'a, kuma ka samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja. Kashi biyu cikin uku na 36 shi ne 24, amma ka nufi 25 zuwa sama, tunda a 2023 kotu ta ɗauki Abuja tamkar jiha ta 37, ta kuma ce ba dole sai an samu kashi 25 a cikinta ba. Wannan lissafi ya taɓa girgiza ƙasa: a 1979, da jihohi 19, Shagari ya samu rubu'i a 12, a Kano ya tsaya kusa da kashi 20, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar sha biyu da biyu bisa uku tsakaninsa da Awolowo.

Ka raba jihohi gida uku: inda za ka ci, inda za ka yi na biyu mai ƙarfi, da inda kake neman rubu'i kawai. Gida na biyu shi ke ba da nasara. A 2023 Tinubu da Atiku kowanne ya ci jiha 12, Obi ya ci 11 da Abuja, Kwankwaso ya ci Kano. Tinubu ya faɗi a Legas da Kano da Kaduna da Katsina, amma ya kwashi ƙuri'a mai yawa a kowacce, ya tashi da 8,794,726, Atiku na da 6,984,520. A zaɓen 2023 Arewa maso Yamma ta fi kowace shiyya masu rajista, sama da miliyan 22, sai Kudu maso Yamma da kusan miliyan 18. Babu shiyyar da za ta kai mutum ita kaɗai.

Cikar fili a gangami tana ruɗi. Mutanen da suka cika maka filin wasa yau, da yawansu za su cika wa abokin hamayyarka jibi. Waɗanda suka fito zaɓe a 2023 ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba. Saboda haka a kowace gunduma ka samu mutanen da suka san gida-gida, suka san wa ya karɓi katinsa, wa zai buƙaci a kai shi rumfa. A Arewa rediyo har yanzu yana kai saƙo inda fasta ba ta zuwa, kuma mata suna da yawa a layi. Sojojin baka da 'yan soshiyal midiya a ja musu kunne: doka ta hana zagi, ta hana kamfe da sunan addini ko ƙabila, ta hana amfani da masallaci ko coci wajen talla. 'Yan jagaliya kuwa kada ka bari su raɓe ka, abin da suka aikata da sunanka kai zai bi.

9. Ranar zaɓe

Ana miƙa wa INEC sunayen wakilai da hotunansu aƙalla kwana 14 kafin zaɓe. Wakili ya zama ɗan unguwar, mai iya karatu da lissafi, da waya mai caji. Ya iso kafin ma'aikata, ya ga na'urar tantance masu zaɓe, BVAS, tana nuna sifiri kafin a fara tantancewa. Bayan an ƙirga a gaban jama'a, ya duba cewa ƙuri'un ba su haura adadin waɗanda na'urar ta tantance ba, domin in sun haura ana soke rumfar. Ya karanta abin da aka rubuta a fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, lamba da kalmomi, sannan ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonsa a fili yadda hatimi da sa hannu za su fito, ya tura nan take. Kada ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ko da an ce masa dare ya yi.

Daga nan ya bi akwatin zuwa cibiyar gunduma. A tsakanin EC8A na rumfa da EC8B na gunduma da EC8C na ƙaramar hukuma lambobi ke sauya kama, galibi bayan tsakar dare, lokacin da yunwa da gajiya suka kori wakilai. Waɗannan cibiyoyi ka tura musu mutanenka mafi tsayuwa, da abinci da fitila. A hedikwatarka kuma a samu ɗakin da ke tattara hotunan nan yana haɗa nasa jimillar.

Idan ba ka da wakilan da za su cika ƙasa, kada ka yayyafa su ko'ina. Ka cika rumfunan jihohin da kake da ƙarfi da waɗanda kake neman rubu'i, sauran ka nemi fahimtar juna da 'yan takarar majalisa na jam'iyyarka, tunda rana ɗaya ake zaɓenku.

Idan babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, ana zagaye na biyu cikin kwana 21, tsakanin wanda ya fi ƙuri'a da wanda ya ci jihohi mafi yawa a cikin sauran. Ba lallai ne ya zama wanda ya zo na biyu a jimilla ba.

10. Bayan sanarwa

Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 daga ranar sanarwa ya shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ita ce kotun farko a zaɓen shugaban ƙasa. Tana da kwana 180 ta yanke hukunci, Kotun Ƙoli kuma kwana 60. A cikin kwana 21 ɗin nan ake haɗa komai, har da rubutacciyar rantsuwar shaidu. A 2023 kotu ta yi watsi da bayanan shaidun da aka kawo daga baya, ta kuma ce rashin ɗora sakamako a IReV, shafin INEC na intanet, shi kaɗai ba ya soke zaɓe. Mai ƙara shi ke da nauyin nuna maguɗi rumfa-rumfa, da takarda da wanda ya gani da idonsa, kuma har yau Kotun Ƙoli ba ta taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa ba. Hukuncin farko ya fito ranar 6 ga Satumba, 2023, na ƙarshe ranar 26 ga Oktoba, wata biyar bayan rantsuwa. Saboda haka lauyoyi su nemi kwafin takardun INEC masu hatimi tun washegarin sanarwa, kuma kwafin EC8A da wakilai suka karɓo a tattara su jiha-jiha cikin makon farko, kafin su ɓace a aljihunan riguna.

Wanda aka bayyana ya ci zai karɓi takardar shaida daga INEC, ya cike fom ɗin bayyana kadarorinsa a Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kamar yadda sashe na 140 ya wajabta kafin ya kama aiki, sannan ya sha rantsuwa ranar 29 ga Mayu. Shi ma yana buƙatar nasa lauyoyin da nasa kwafin EC8A, domin da su zai kare kujerar a kotu.